Tumatirin Kura da Bunkure: Ajiya Maganin Wata Rana

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya tsakanin watan Janairu da Maris, ya ratsa ta Kura da Kadawa har Kwanar Gafan, lalle zai ga kwandunan tumatir jere a bakin titi, ja wur, iyakar ganinsa. Wannan albarka kuwa ta samo asali ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke gangarowa ta manyan magudanai yana shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, har noman rani ya zama sana'ar kowane gida.

Amma fa akwai abin takaici. Tumatir ba ya jiran mai saye. Idan kaka ta kama, kasuwa ta cika, sai manomi ya sayar a wulakance ko kuwa ya zuba ido kayansa su ruɓe. Da damina ta sauka kuma sai ya yi wuyar gani, mai albashi ya koma sayen na gwangwani. Kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa a 2016, amma a shekarar nan ce tsutsar da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonaki, har aiki ya tsaya. Ashe dai bai kamata magidanci ya jingina tukunyarsa ga masana'anta kaɗai ba.

Mun san mutanenmu sun iya yanka tumatir su shanya ya zama kauɗa, kuma dabara ce mai kyau, sai dai ƙura takan hau shi, launi ya dushe. To, akwai wata hanya da mutanen Italiya suka daɗe suna bi, su da suka shahara da cin taliya. Idan tumatirinsu ya nuna a ƙarshen lokacin zafi, sai iyali su taru su dafa, su tace, su ɗura a kwalabe, su ci har shekara ta kewayo.

Ga yadda a ke yi. A zaɓi tumatir dogo mai tsoka, wanda ya nuna sarai ba tabo, a wanke, a yanyanka, a dafa har ya yi laushi. Sa'an nan a murje shi a rariya, ɓawo da 'ya'ya su tsaya. A mai da ruwan kan wuta, ana motsawa don kada ya kama, har ya ƙone saura kamar rabi. A wanke kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe, a tafasa su. Cikin kowace kwalba mai cin lita ɗaya a zuba babban cokali 2 na ruwan lemon tsami da gishiri kaɗan, a ɗura tumatirin da zafinsa, a bar ɗan fili a wuya, a rufe tam. Daga nan a jera su a babbar tukunya bisa tsumma, ruwa ya shanye kansu, su tafasa minti 45.

Muna jan kunne a kan abu biyu. Kada a sa mai ko albasa ko nama a kwalba, domin tsami ne ke hana wata muguwar ƙwayar cuta yin dafi a rufaffen abinci, waɗannan kuwa rage tsamin su ke yi. Kuma kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Ran da za a ci taliya, sai uwargida ta soya albasa da tafarnuwa cikin man gyaɗa, ta juye kwalba ɗaya, ta sa attaruhu da ganyen ɗoɗɗoya, kafin taliya ta dahu miya ta haɗu. Shi kuwa abincin nan na birnin Nafoli da a ke kira fiza, wanda ya bazu a duniya har ya iso Kano, ƙullin alkama ne a ke faɗaɗawa, a shafa tumatir mai kauri, a barbaɗa cuku, a gasa. Wanda ya san gurasar Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba, har ma yana iya shafawa a kanta ya ɗumama.

Saboda haka muna kira ga akawuna da malaman makaranta, ku da jama'a ke koyi da ku, ku sayi kwando tun yana araha, ku gwada a gidajenku, ku nuna wa almajiranku. Manomin Bunkure ya sami ciniki, ku kuma ku huta da tsadar damina. Allah ya sa mu dace, amin.