Awon Karatu a Zangon Farko na Jami'a

 Ga bayani a kan wani al'amari da ke samun 'ya'yanku da zarar sun shiga jami'a, watau rubuta darussan da za su ɗauka a zangon farko, abin da ake kira rajista.

Ku sani karatun jami'a ya saɓa wa karatun zaure. A zaure ɗalibi yakan riƙe littafi ya bi shi babi babi har ya sauke, ba wanda ya yanka masa wa'adi. A jami'a kuwa an raba shekara zango biyu, kowane zango mako 15 na karatu, kana jarrabawa. Kowane darasi an auna nauyinsa da wani awo, sunansa yunit. Yunit ɗaya shi ne sa'a ɗaya a gaban malami kowane mako har zango ya ƙare, ko kuwa sa'a uku a ɗakin gwaji. Daga Amurka aka aro wannan tsari, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa kuwa ta shimfiɗa shi ga jami'o'in Nijeriya cikin ƙa'idodinta na 1989.

A galibin jami'o'i ba a yarda ɗalibi ya ɗauki ƙasa da yunit 15 a zango ba, ba a kuma yarda ya haura 24 ba. Darussa iri biyu ne, na dole da na zaɓi. A shekarar farko mafi yawansu na dole ne, sashen da ya karɓi yaro shi ke tsara masa su. Wurin na zaɓi ake yin ɓarna, domin yaro yakan ga sauran wuri sai ya yi ta lodi don burge tsara, alhali kuwa 24 iyaka ce kawai.

Duk darasin da aka rubuta ya zama bashi a wuyan mai shi. In ya daina zuwa bai janye sunansa ba cikin kwanakin da aka ware don gyara, sai a rubuta masa faɗuwa. Wanda kuwa ya zauna darasin da bai rubuta ba, ko da ya fi kowa ƙoƙari, wahalarsa ta tafi a banza.

Ga lissafin, 'yan kasuwa za su gane shi nan da nan. Wanda ya ci 70 zuwa sama cikin 100 yana da daraja 5, mai 60 yana da 4, mai 50 yana da 3, wanda ya kasa kai 40 ba shi da kome. Ana ninka daraja da nauyin darasi, a tara, a raba da jimlar yunit. Misali, yaro ya sami daraja 5 a darasi mai yunit 3, ya zama 15. Ya sami 3 a mai yunit 2, ya zama 6. Ya faɗi wani mai yunit 3. An raba 21 gida 8, ya tashi da 2.63. Da ya ci 50 kaɗai a wanda ya faɗi, da ya tashi da 3.75. Wannan lissafi yana bin sa har ranar fita, digiri mai daraja ta ɗaya kuwa sai da 4.50. Darasin da ya faɗi kuma tilas ya maimaita shi baɗi, ya tare masa wuri cikin 24 ɗin nan.

Saboda haka, ya kai uba, kada ka tsaya ga biyan kuɗi kaɗai. Yanzu ta intanet ake rajista, yara da yawa kuwa mai shagon kwamfuta suke bar wa aikin, shi ko bai san darasin wani ba. Ka umarci ɗanka ko 'yarka a fara zuwa wurin malamin da aka ɗora wa kula da ajinsu. A gwada lambar kowane darasi da littafin sashe, a duba kada darussa biyu su faɗa sa'a ɗaya. In an buga takardar, malami ya sa hannu, a adana kwafi kamar yadda kake adana rasit. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Haza wassalam.