Hasken Rana a Ɗakin Tafi-da-Gidanka: Lissafin Wutar da Za Ta Tsare Allurar Rigakafi

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani ɗan ɗaki mai tayoyi wanda ake ɗaura wa mota ta ja shi, masu yawon shaƙatawa su kwana a ciki a wuraren da babu wutar lantarki. A ƙasar Hausa amfanin irin wannan ɗaki ya wuce shaƙatawa. Ma'aikatan lafiyar dabbobi da za su bi rugage daga Ikara zuwa Paki, ko daga Maƙarfi zuwa Gimi, ko daga Hunƙuyi zuwa Likoro, suna bukatar wurin kwana da wurin aiki, kuma fiye da komai suna bukatar firjin da zai riƙe allurar rigakafi da sanyinta. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake lissafin girman na'urar wutar hasken rana, wadda aka fi sani da sola, domin irin wannan ɗaki. Ƙa'idar lissafin ɗaya ce ko da gida ko shago ko ɗakin gwaje-gwajen makaranta za a sa wa wuta.

Dalilin da ya sa sanyi ya zama dole

Allurar rigakafi ta bambanta da ƙwayar magani. Da yawa daga cikinta, kamar ta ciwon huhun shanu da ake haɗawa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom wadda aka kafa a 1924, ƙwayoyin cuta ne masu rai da aka raunana. Idan suka shiga jikin dabba sai garkuwar jiki ta gane su, ta shirya yaƙar cutar kafin ta zo. Zafi yana kashe waɗannan ƙwayoyi, yana kuma sauya siffar furotin ɗin da garkuwar jiki ke ganewa, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko ba ya komawa yadda yake. Saboda haka a wurin aiki ake ajiye yawancin alluran tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyas.

Babban haɗarin shi ne, allurar da ta lalace ba ta nuna alama a kwalba. Za a yi wa garke ita, makiyayi ya tafi da kwanciyar hankali, cuta ta zo ta sami shanun babu kariya. Dattawan makiyaya ba su manta da ɓarnar da bushiya ta yi a 1983 ba. Sai a 2011 aka sanar da kawar da ita daga duniya, kuma cikin abubuwan da suka taimaka akwai samun allura mai jure zafi. Sauran cututtuka suna nan, sauran alluran kuma suna bukatar firji, firji yana bukatar wutar da ba ta yankewa.

Sassan na'urar

Wanda ya san rake ya riga ya san tsarin sola. Ganyen raken Maƙarfi yana karɓar hasken rana ya haɗa sukari, karan kuma ya adana shi. A na'urar sola, faifan da ake shimfiɗawa a rana, wanda masu sayarwa ke kira fanel, shi ne ganye, batir kuma shi ne kara. Tsakaninsu akwai kwantirola, mai tsare batir daga cika fiye da kima. Sai inbata, wadda ke mayar da wutar batir mai bolt 12 zuwa irin wutar gida mai bolt 230.

Bafaranshe Edmond Becquerel ne ya gano a 1839 cewa haske yana iya haifar da wutar lantarki. A 1954 masana a ɗakunan binciken Bell na Amurka suka ƙera ƙwayar sola ta silikon mai mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na haske zuwa wuta. Fanel na yau yana mayar da kimanin kashi 20.

Kafin lissafi, wajibi ne a bambanta wat da wat-awa. Wat ƙarfin gudun wuta ne, kamar ƙarfin zubar ruwa daga famfo. Wat-awa kuwa adadin da aka tara ne, kamar ruwan da ya taru a randa. Fitila mai wat 5 da ta yi awa 5 a kunne ta ci wat-awa 25.

Mataki na farko: ƙidaya abin da za a ci

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara sayen fanel sannan a tambayi abin da zai iya ɗauka. Daidai shi ne a fara da kayan da za su ci wutar. A duba wat ɗin da aka rubuta a jikin kowane abu, a ninka shi da awannin da zai yi aiki a rana. A ɗauka ɗakin yana da waɗannan kaya:

Firjin allura mai wat 60, awa 12: wat-awa 720
Ƙwan fitila 4 masu wat 5, awa 5: wat-awa 100
Fanka mai wat 20, awa 8: wat-awa 160
Cajin waya 4 masu wat 10, awa 2: wat-awa 80
Kwamfutar hannu mai wat 40, awa 3: wat-awa 120
Madubin duba jini mai wat 10, awa 2: wat-awa 20
Jimla: wat-awa 1,200 a kowace rana

An ba firji awa 12 ne domin injinsa yana tashi yana tsayawa, ba ya yin awa 24 yana aiki. A zafin Maris da Afrilu yakan daɗe a tashe, haka kuma idan ana yawan buɗe shi. Mai karatu zai lura cewa firji kaɗai ya cinye kashi 60 cikin 100 na jimlar. Zai kuma lura cewa babu dutsen guga ko butar dafa ruwa a jerin. Dutsen guga mai wat 1,000 idan ya yi awa ɗaya zai ci kusan abin da dukan ɗakin ke ci a yini da dare. Aikin ɗumama abu sai a bar wa gawayi ko gas.

Mataki na biyu: girman fanel

Lambar da ke jikin fanel, misali wat 200, an auna ta ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, fanel ɗin kuma yana kan digiri 25. Irin wannan haske sai wajen tsakar rana ake samunsa. Don haka masana sukan tattara hasken yini duka su mayar da shi awannin cikakkiyar rana. A yankin Zariya da Ikara, duk da cewa yini yana kai awa 12, matsakaicin cikakkiyar rana a shekara yana tsakanin awa 5 da 6. A Agusta, lokacin marka, yakan sauka zuwa wajen awa 4.5. Da watan da ya fi ƙarancin rana ake lissafi, domin na'urar da ta isa a Agusta za ta isa a sauran watanni.

Sai kuma asara. Mutane da yawa suna zaton zafi ne ke ƙara wa fanel ƙarfi, alhali haske yake so, zafi rage shi yake yi. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage kimanin kashi 0.4 cikin 100, fanel kuma a ranar bazara yana iya kai digiri 60, wato asarar kashi 14. Ƙura tana cin nata, wayoyi suna cin nasu, batir ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa. Idan aka haɗa, a kan ɗauka cewa kashi 70 ne ke isa ga kaya.

Ga lissafin: 4.5 sau 0.7 ya ba da 3.15. A raba 1,200 da 3.15, a sami 381. Ke nan fanel biyu masu wat 200 sun isa bisa takarda.

Amma akwai saura. Wat 400 sau 3.15 ya ba da wat-awa 1,260, rarar 60 kacal a kan abin da ake ci. Idan hadari ya rufe sama kwana biyu aka ci wat-awa 2,400 daga batir, da wannan rara sai an yi kwana 40 kafin a mayar da gurbinsa. Idan aka ƙara fanel na uku, wat 600 zai ba da 1,890, rarar 690, batir ya cika cikin kwana uku da rabi. Wannan ne dalilin da zai sa a sayi uku. Kowane fanel mai wat 200 yana cin fili kimanin murabba'in mita ɗaya, saboda haka a auna rufin ɗakin kafin a je kasuwa.

Mataki na uku: girman batir

Tambaya a nan ita ce, kwana nawa ake so wuta ta yi ba tare da rana ba? Domin allura, kada a yi ƙasa da kwana biyu, wato wat-awa 2,400. Ana auna batir da amfiya-awa, wanda ake rubutawa Ah a jikinsa. A raba 2,400 da bolt 12, a sami amfiya-awa 200.

Wannan shi ne abin da za a ɗiba, kuma ba a ɗibe batir har ƙasa. Batirin dalma, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, yana saurin mutuwa idan ana yawan cin fiye da rabinsa. Don haka ana bukatar amfiya-awa 400, wato batir biyu masu 200, kowanne da nauyin kilo 60 ko kusa da haka. Batirin litiyom, wanda binciken da ya haifar da shi ya sami kyautar Nobel a 2019, yana jure a ci kashi 80 nasa. A raba 200 da 0.8, a sami 250. Guda uku masu 100 sun wadatar, nauyinsu duka kuma bai wuce kilo 40 ba. Litiyom ya fi tsada a ranar saye, amma ya fi daɗewa, kuma ga ɗakin da za a ja a hanyar ƙauye da damina, bambancin kilo 80 abin dubawa ne.

Batirin mota bai dace da wannan aiki ba. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji, ba ya jure a riƙa tatsarsa dare duka. Haka kuma zafi maƙiyin batir ne: ƙarin digiri 10 sama da 25 yakan rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi. A ajiye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, a ɗaure shi da kyau.

Mataki na huɗu: kwantirola da inbata da waya

A raba wat 600 da bolt 12, a sami amfiya 50. Kwantirolar da za a saya kada ta gaza haka, mai 60 ta fi kwanciyar hankali. Iri biyu ne a kasuwa. Mai alamar PWM ta fi araha, mai alamar MPPT kuma ta fi iya tatso wutar fanel, ita ce ta dace da na'ura mai wannan girma. Idan aka tsara na'urar a kan bolt 24, amfiya ta koma 25, zafin da ke ɓacewa a waya ya ragu zuwa kashi ɗaya bisa huɗu, domin asarar waya tana bin amfiya ne idan an ninka ta da kanta. Waya ta kasance mai kauri kuma gajera, a sa fis kusa da kan batir, domin siririyar waya tana iya kama wuta.

A game da inbata, babba ba ta nufin mai kyau. Firji da fitilu da fanka duk ana samun masu aiki kai tsaye da wutar batir. Kwamfuta da madubi ne kaɗai za su bi ta inbata, kuma mai wat 300 ta ishe su. Babbar inbata tana iya cin wat 25 ko da ba a jona mata komai ba. Cikin awa 24 ya zama wat-awa 600, kusan cin firji na biyu. A kashe ta idan an gama aiki.

Girkawa da kulawa

Ikara tana kan kimanin digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka a karkata fanel da digiri 10 zuwa 15, yana kallon kudu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta ɗan arewa, amma da yake karkatar kaɗan ce, asarar ba ta da yawa, ga shi kuma ruwan sama yana gangarawa ya wanke fanel.

Akwai wata matsala ta musamman ga ɗakin tafi-da-gidanka. Firji da mutane suna son inuwar mangwaro ko darbejiya, fanel kuwa yana son tsakar rana. Ƙwayoyin fanel a jere suke a haɗe, inuwar reshe ɗaya a kan 'yan kaɗan tana rage wutar da yawa, kamar yadda toshewa a wuri guda ke hana ruwa gudu a dukan magudana. Mafita ita ce a yi fanel ɗin mai cirewa, ɗaki ya zauna a inuwa, fanel ya fita fili. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a riƙa goge ƙura da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. A cikin firji kuma a ajiye ma'aunin zafi, a duba shi safe da yamma, a rubuta a littafi.

Kammalawa

Lissafin sola bai wuce ninkawa da rabawa ba, amma sai an bi shi a jere: abin da za a ci, sannan fanel bisa watan da ya fi ƙarancin rana, sannan batir bisa kwanakin hadari, sannan kwantirola da inbata. Malamai suna iya ba ɗalibai wannan aiki: a cire firji daga jerin da ke sama, a sa ƙwan fitila 10 masu wat 5 na ajin karatun dare a makarantar 'ya'yan makiyaya, su yi awa 3, a bar sauran kayan yadda suke ban da fitilun farko. Ɗalibi ya fitar da jimlar wat-awa da girman fanel da na batir. Wanda ya sami wat-awa 530 a matakin farko ya kama hanya.