Labarin Namu Ne, A Ina Za Mu Kalle Shi?

Lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta. Wasu suka sauka a Malkohi, wasu a harabar majami'ar St. Theresa wurin Bishop Stephen Mamza, mafi yawa kuma a gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah. Kowannensu shaida ne ganau. A Yolar nan ce kuma, a Jami'ar Amurka ta Nijeriya (AUN), 'yan matan Chibok fiye da 100 da suka kuɓuta suka koma karatu a 2017.

Irin wannan shaida masu fim ɗin gaskiya suke tattarawa, wato fim ɗin da ba jarumi ba wasan kwaikwayo, sai mai abu da bakinsa. A 2019 Joel Kachi Benson ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice da «Daughters of Chibok», labarin iyayen da har yau suke jiran 'ya'yansu. Ana yin bukukuwa musamman domin irin waɗannan finafinai a Geneva, da Wagadugu, da Hague, mazaunin Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya.

Fim ba ya ɗaure kowa, amma yakan hana a binne magana. Maƙwabtanmu na Chadi sun gani. A 2016, shekarar da kotu a Dakar ta yanke wa tsohon shugabansu Hissène Habré ɗaurin rai da rai, Mahamat-Saleh Haroun ya fitar da fim ɗin da waɗanda aka azabtar a mulkinsa suka faɗi abin da aka yi musu. A namu ɓangaren, a Disambar 2020 Fatou Bensouda, babbar mai gabatar da ƙara ta kotun Hague a lokacin, ta ce akwai hujjar binciken laifukan yaƙi da ake zargin Boko Haram da jami'an tsaron Nijeriya da aikatawa. Shari'a irin wannan tana ɗaukar shekaru, shaidu kuwa suna tsufa suna mutuwa.

Abin takaicin shi ne, akasari Turawa ke kallo su tafa, masu labarin ba su gani ba. Alhali mun san majigi tun zamanin En'e: farin ƙyalle, fili, da mai fassara. Jami'ar Modibbo Adama da AUN suna da ɗalibai da kayan aiki. Abin da ya rage shi ne a mayar da finafinan zuwa Hausa da Fulatanci, a nemi yardar duk wanda fuskarsa za ta fito, sannan bayan kallo a ba jama'a dama su yi wa hukumomi tambaya ido da ido.