Ruwan Tiga Ya Zo, Ina Gayya Ta Tafi?

Uwargida, in kin taɓa bin hanyar Zariya da rani kika ratsa Kura, ko kika bi ta Bunkure za ki Rano, kin ga abin mamaki. Ko'ina ya bushe ƙurmus, amma nan kore shar, ga alkama, ga tumatir, ga albasa. Ruwan daga madatsar Tiga yake, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina, aka gama ta a 1974. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, ita ke kula da hanyoyin ruwan.

Ba mai musun alherinsa. A da, da an gama kaka sai maigida ya ɗaure kaya ya tafi cin rani, ya bar ki da yara da rumbun da ba lalle ya kai damina ba. Yanzu yana gida, gonarsa tana ba shi amfani sau biyu a shekara.

To, amma ki tambayi kakarki yadda ake aiki a da. Za ta gaya miki mutum yakan kira gayya, samarin gari su taru da ganga su nome masa gona rana ɗaya, mata su dama fura, su tuƙa tuwo. Ba a biyan ko kwabo, gobe shi ma zai je ta wani. Tumatir kuwa ba ya jira, kowa nasa ya nuna lokaci guda, don haka sai a ɗauki 'yan ƙwadago, da yawansu baƙi ne daga nesa. Rani da ake ajiyewa don biki da ziyarar dangi, shi ma ya zama lokacin aiki.

Wata Baturiya, Cecile Jackson, ta yi bincike a kan matan wannan yanki, littafinta ya fito a 1985. Ta ga matan kulle sun samu kasuwa wajen sayar wa ma'aikatan gona abinci. Haka abin yake har gobe: ɗanwake, alala, ƙosai, duk sai sun ƙare. Da ribar ake zubin adashi, a kai wa ƙawa gudummawar suna, a sayi kwanukan ɗaki. Ni a ganina zumuncin da ya bar gona, ɗakunanmu ya dawo.

Sai dai wa ke ɗaukar tiren zuwa bakin ruwa? 'Yarki ce, da hantsi, lokacin da malam ke kiran suna a aji. Ke kuma 'yar makaranta, na san kina jin nauyin cewa a'a. Ga shawara, uwargida. Ku matan unguwa ɗaya, ku biyar ko shida, ku haɗa abincinku ku ba dattijuwa guda ta kai gona, ku riƙa cire mata la'ada. Ita ta samu na goro, yara kuma su ɗauki talla bayan an taso, in ya zama dole.