Kafin damana ta sauka, mu gyara murhu da tukunya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Madawa, Buza da Keita, rani ya kusa ƙarewa. Mata masu man gyaɗa da masu daddawa sun sha aiki da babban murhu. Ruwa na sauka, kowa zai nufi gona, murhun ya zauna wata uku ko huɗu babu wuta. In aka bar shi haka nan, bayan girbi sai a tarar laka ta zube, ƙarfe ya yi tsatsa.

Asarar ba ƙarama ba ce. Murhun laka mai bango yana tare iska, zafi ya tsaya gindin tukunya. In ya rushe, sai a koma duwatsu uku, icce ya riƙa ƙarewa da sauri. Kowa ya san wuyar icce a ƙasar Adar. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro cikin kwarin Majiya, wajen Buza, tare da ƙungiyar CARE, don tsare gonaki daga iska. A 1984, shekarar fari, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya. Mutane, mata da yawa cikinsu, suka ɗauki duwatsu, suka dasa itatuwa. Bai kamata wannan wahala ta tafi cikin hayaƙi ba.

Ga abin da za a yi.

Da fari, a bari murhu ya huce sarai, a kwashe toka duka. Toka tana jan laima, jiƙaƙƙiyar toka kuwa tana cin ƙarfe. A zuba ta ramin taki.

Na biyu, a duba tsaga. A kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki, a yayyafa wa tsagar ruwa, a liƙe. In ta bushe, a yi wa murhun rumfa ko a rufe shi da zana.

Na uku, murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi, a goge shi, a shafa ɗan mai, a aza bisa duwatsu cikin ɗaki.

Na huɗu, a kankare baƙin tukunya, a wanke ta, ta bushe, a kife. Tukunyar da ta tara ruwan sama gidan sauro ce, sauro kuwa shi ke kawo zazzaɓi ga yara.

Na biyar, a jera icce bisa duwatsu saboda gara, a rufe samansa. Ɗanye ko jiƙaƙƙen icce hayaƙi yake yi, ga ciwon ido, ga tari.

Ranar komawa aiki, kada a tura hannu cikin murhu sai an zungura da sanda, don kunama da maciji. A fara da ƙaramar wuta, laka ta bushe sannu, kada ta tsage.

Tun ran gini, ran zane. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabta. Allah ya ba mu damana mai albarka.