Tukunyar suya da iska: abin da ke sa ta ƙara ba tsayawa, da lokacin da ya kamata a cire ta daga kuran

Tukunyar nan mai suya da iska mai zafi, wadda ƴan kasuwa ke tallarta da sunan "friteuse sans huile", ta fara samun wuri a gidajen Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, har tana shiga cikin kayan ɗakin amare. Kamfanin Philips ne ya fito da ita a wani baje kolin kayan lantarki a birnin Berlin a 2010, yau kuwa kamfanoni barkatai ke ƙera irinta, akasari a ƙasar Sin. Kukan da masu ita suka fi yi kusan ɗaya ne: tukunya ta kama "tit-tit-tit" ta ƙi yin shiru, ga kaza a ciki rabi ɗanya, ga lokacin abinci ya ƙarato.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. A samanta akwai ƙarfe mai ɗaukar zafi, a bayansa fanka tana hura zafin cikin kwando, har ya kai digiri 200 a yawancinsu. Masu allon taɓawa suna da ɗan kwakwalwar lantarki da ke lura da zafi da lokaci, kuma ƙara ita ce bakin da take magana da shi. Masu maɓallin murɗawa kuwa ƙararrawa ɗaya suke bugawa in lokaci ya cika, shi ke nan.

Ba kowace ƙara ce alamar lalacewa ba. Tukunya takan yi ƙara in an jona ta, in ta gama ɗaukar zafi, da kuma in suya ta kammala. Wasu suna yi a tsakiyar suya don tuna wa uwargida ta girgiza dankali ko ta juya nama, kuma a kan da yawa daga cikinsu akwai maɓallin kashe wannan tuni. Wadda ta sayi tukunya da takardar bayani cikin Turanci ko Sinanci tana iya ɗaukar wannan a matsayin ciwo, alhali lafiya lau take.

In ƙarar ta ci gaba, kwando za a fara dubawa. A cikin ramin da yake shiga akwai wani ɗan makunni da kwandon ke dannawa in ya zauna daidai. Guntun ƙashi, mai da ya daskare, ko abinci da aka cika har ya yi tozo, duk suna hana shi kaiwa ƙarshe. Sai tukunya ta ɗauka a buɗe take, ta tsaya, wasu kuma su yi ta ƙara. A cire ta daga kuran, a bari ta huce, a goge ramin da tsumma mai ɗan danshi, a mayar da kwandon har a ji ya ce "ƙwas". Haka allon taɓawa: maiƙo ko ɗigon ruwa a kansa yana sa ya ji kamar yatsa ne ke dannawa. Busasshen tsumma ya isa.

Sai zafi. Iskar da fanka ke juyawa tana fita ta wata kafa a baya. Masu ƙerawa sukan ce a bar tazarar kamar santimita 10 a bayanta da gefunanta, ba a kuma ɗora komi a kanta. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, tukunyar da aka manna da bango a ƙaramin ɗakin girki mai rufin kwano ba ta samun inda za ta yi numfashi. Ƙurar hunturu ma, in ta haɗu da maiƙo, takan toshe kafar. Da zafin ciki ya wuce kima sai ta yi ƙara ta kashe kanta. Wannan kariya ce, kuma gardama da ita ta hanyar sake kunnawa nan take kuskure ne. A ba ta kamar rabin awa, a share kafar da busasshen buroshi, a canja mata wuri.

Amma a Nijar, abin da ya fi cancanta a tuhuma shi ne kuran kansa. Tukunyar ƙarama ce a ido, ci gare ta: yawanci tsakanin wat 1.200 da 1.800. Mai wat 1.500 a kan bolt 220 tana jan kusan amfa 7, wato kamar dutsen guga mai ƙarfi, kuma tana iya yin minti 20 ko 30 tana aiki. In kuran na NIGELEC ya zo da rauni, kamar yadda ake gani a wasu unguwanni da yamma a lokacin zafi, da ƙarfen ya fara ja sai ƙarfin wutar ya ƙara faɗuwa, kwakwalwar ta mutu ta sake tashi, ta yi ƙarar nan ta farkon kunnawa. Ta sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Alamar a bayyane take: allo yana ƙiftawa, ƙwan ɗaki yana dusashewa duk lokacin da ta fara aiki. A nan tukunya ba ta da laifi, kai ta wurin mai gyara asarar kuɗi ce.

Doguwar wayar jone mai ramuka da yawa, irin mai arha ta bakin kasuwa, tana haddasa irin wannan matsala, kuma ta fi haɗari. Siririyar waya ce a ciki, tana zafi, roba ta narke. Ya kamata a jona tukunyar kai tsaye a bango, ita kaɗai. Wadda aka sayo daga Kano sau da yawa kanta mai ƙafa uku ne irin na Ingila, ramukan gidajen Nijar kuwa zagayayyu ne irin na Faransa. Ɗan abin haɗin da ake sakawa tsakani, in yana lilo, yana yanke wuta yana mayarwa. Gara a sa mai aikin kuran ya canja kan gaba ɗaya da mai kauri.

Wani lokaci ma ba tukunyar ce ke ƙara ba. A gidajen da ke da faranti mai aiki da hasken rana, ko na'urar daidaita kuran, su ne ke kuka don an ɗora masu abin da ya fi ƙarfinsu. Na'urar da aka saya don talabijin da fanka ba ta ɗaukar wat 1.500. Sai a kasa kunne a ji daga inda ƙarar ke fitowa.

Akwai kuma tukwanen da ƴan uwa ke aikowa ko ake samu cikin kayan gwanjo daga Amurka da Kanada. Can bolt 120 ake amfani da shi. In aka jona irin wannan a 220, zafin da ƙarfen zai yi ya ninka fiye da sau uku, kuma ba ta daɗewa. Kafin saye a juya ƙasanta a karanta tambarin: a ga 220-240 V. Ga masu kayan gwanjo akwai ƙarin dalilin lura: a watan Fabrairun 2023 kamfanin Cosori ya janye tukwane kusan miliyan 2 a Amurka saboda wani mahaɗin waya da ke iya yin zafi ya kama wuta.

In allo ya nuna E1 ko E2 tare da ƙarar, a yawancin tukwane maganar ɗan abin auna zafi ce: ya tsinke ko wayoyinsa sun haɗu. Ma'anar lambobin tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka takardar tukunyar ce abin dubawa. A cire daga kuran minti 10 a sake jonawa. In lambar ta dawo, aikin mai gyara ne, ko a koma wurin mai kanti in akwai takardar garanti. A nan akwai abin da bai kamata a yarda da shi ba: a cikin tukunyar akwai fis na zafi da ke tsinkewa in abu ya ɓaci, kuma wasu masu gyara, in ba su sami irinsa ba, sai su haɗa wurin da waya. Tukunya za ta tashi, ƙara za ta daina, amma an cire abin da ke hana gobara. Haka wanda zai ce bari ya tsinke wayar ƙarar kawai a huta.

Warin roba mai ƙonewa, kan waya da ya yi baƙi ko ya yi zafin da ba ya taɓuwa, da fankar da ba a jin motsinta alhali ƙarfe ya yi ja, waɗannan ba a sake gwaji a kansu. Farin hayaƙi daga kitsen nama daban ne, wanke ƙasan kwando ke maganinsa. In wuta ta kama a ciki, a kashe kuran daga kwanta, a bar kwandon a rufe, kada a watsa ruwa. In ta fi ƙarfin mutanen gida, lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.