Daren da Ruwa Ya Ci Birnin Darna

A farkon Satumban 2023 wata guguwa da aka sa wa suna Daniyel ta taso a Tekun Bahar Rum. Ta fara da Girka, ta mayar da gonakin Tesaliya tafki, ta taɓa Turkiyya da Bulgeriya, sannan ta tsallaka gabashin Libiya. Ranar 10 ga wata, garin Baida ya sha ruwan sama milimita 414 cikin kwana guda.

Darna birni ne na bakin teku a gabashin Libiya, mai mutane kusan 100,000. Wani kwari da ya gangaro daga duwatsun Jabal Akhdar ya ratsa tsakiyarsa, kuma a lokacin a kan kwarin akwai madatsun ruwa biyu da wani kamfanin Yugoslabiya ya gina a shekarun 1970. Tun 1998 aka san sun tsage. A 2022 wani malamin Jami'ar Umar Mukhtar, Abdulwanis Ashur, ya rubuta ƙarara cewa muddin ba a gyara su ba, babbar ambaliya za ta hallaka mazauna kwarin. Ƙasar ta rabu tsakanin gwamnatoci biyu, gargaɗin ya bi iska.

Can tsakar dare, wayewar 11 ga wata, mutane na cikin gidajensu, madatsar sama ta fashe. Ruwanta ya sauko ya ɓalle ta ƙasa, wadda ke dab da gari. Kimanin mita kubik miliyan 30 na ruwa da laka suka afka wa Darna. Gadoji suka tafi. Benaye suka rushe da iyalan da suka hau sama neman tsira. Motoci, bishiyoyi da unguwanni sukutum suka faɗa teku. Kwana da kwanaki igiyar ruwa tana dawo da gawawwaki gaɓa, ana binne su a manyan kaburbura. An tabbatar da rasuwar fiye da mutum 4,000, dubbai kuma sun ɓata, har da baƙin ma'aikata daga Masar da Sudan.

Ranar 18 ga Satumba waɗanda suka tsira suka taru a Masallacin Sahabbai suna neman a hukunta masu sakaci. A Yulin 2024 kotu ta ɗaure jami'ai 12, daga shekara 9 zuwa 27.

Ruwan sama ikon Allah ne. Amma gyaran madatsa amana ce a hannun mutane, kuma shekara 25 aka yi ana kallon tsagar nan ba a toshe ta ba.